Awar Laraba ta Baffa

Matso kusa, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa jawo tabarmarki nan, muryata ba ta fita sosai tun da aka yi rasuwar nan. Yau kwana talatin da 'yan kai ke nan da muka rasa Baffa, ƙanen mahaifin mijina, wanda ya tsufa yana koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon unguwarmu ta Briketeri. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Gajiyar zaman makoki daban take, gajiyar abin da kunnena ya kwasa a wurin zaman ita ma daban.

Ranar da aka kai shi, ruwa ake yi tun hantsi, irin ruwan Yawunde da ba ya sallama kafin ya shigo. Maza suka dawo daga maƙabarta a jiƙe sharkaf, jar laka har gwiwa, ni da hannuna na ɗebo musu ruwan wanke ƙafa. Amma kafin la'asar, ina zaune cikin mata a tsakar gidan nan, sai na ji wata tana cewa ai da aka ɗaga makara ruwa ya tsaya cak, sai da aka rufe kabari sannan ya ci gaba. Wata ta karɓe ta ce an ce tun azumi ya faɗi ranar da zai tafi. Washegari ya zama mai jin harshe bakwai. Ran sadakar uku kuwa, matar mai tsiren bakin titi har rantsuwa ta yi, wai manya sukan zo a ɓoye neman shawararsa. Da alheri suke faɗa, na sani, so ne ya kawo haka. Amma ina jin su ina cewa a raina, Allah sarki Baffa, ko kwana uku ba ka cika ba an mai da kai “an ce”.

Inna, wato surukata, wadda ta fi kowa faɗa da shi yana raye, tana gefe tana jan carbi. Can sai ta ɗago ta ce, “Da yana nan da tuni ya ɓata muku hirar nan.” Aka yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

A ranar ukun ne direktan lakwal ya zo gaisuwa. Na kai kunu bakin zaure, ina bayan labule, na ji shi da kunnena. Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam, ya yi mana aiki. Awar nan tasa ta Laraba dai ba ta cikin tsarin karatun da aka aiko mana, don girmansa muka bar ta. Yanzu sai mu mayar da ita ta lissafi da shifta, jarrabawar sartifika ta matso.” Maza suka ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Aka tsayar cewa za a yanke maganar a taron iyayen yara, ranar Asabar ta bayan sadakar arba'in. Asabar ɗin nan ta kusa. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu da hannuna mai nauyi, don in za a binne awar nan, a san abin da ake binnewa.

Za ku ce ina na san abin da ake yi a aji, ni da ban taɓa zama kan benci ba. Gaskiyarku. Ni ba mai fita ba ce ma, kasuwar Mokolo da ke nan kusa sai in shekara ban taka ta ba. Amma ajin Baffa yana bayan madafarmu, ba abin da ya raba mu sai langa-langa, shi ma duk ya huje. Sauran ranaku Larabci yake koyarwa, yara su yi ta rerawa ina daka. Ran Laraba kuwa, awa ta ƙarshe kafin a tashi, sai in rage wuta in jawo kujera jikin langa-langan nan.

Ga yadda yake yi. Kowane yaro zai zo da labari ɗaya da ya ji a makon, ko a gida, ko a famfo, ko a rediyo, ko a bakin kanti. Baffa ya raba allo gida uku da alli. Gidan farko na abin da yaro ya gani da idonsa. Na biyu na abin da wanda ya gani ya gaya masa baki da baki. Na uku na “an ce”. In yaro ya faɗi labarinsa, ajin ne zai yanke gidan da za a sa shi. Abin da ya faɗa gida na uku ba a kiransa ƙarya, a'a, Baffa ya hana. Yakan ce, “Baƙo ne da bai faɗi garinsu ba. Ba a korarsa, ba a kuma ba shi makullin ɗaki.” Aikin mai labarin shi ne ya koma baya taki ɗaya kawai kafin wata Larabar: ya je wurin wanda ya gaya masa, ya ji shi kuma a ina ya samo.

Wata shekara magana ta tashi cewa za a rushe layinmu a fitar da titi. Ba baki kawai ba, har da takarda: wani ya sayi tsire, aka naɗe masa a yankin jarida, ga hoton motar rusau tana cin gidaje, ga rubutun Faransanci a ƙasa. Takardar nan ta zaga unguwa duk maiƙo, hannu zuwa hannu. Mutum biyu a layinmu har sun fara cire kwanon rufi suna sayarwa da arha kafin a zo. 'Yata ta fari, tana ajinsa a lokacin, ita ta kai takardar ran Laraba.

Na ji ya ce, “Kafin ku karanta cikinta, ina kanta?”

“Malam, kan ya yage.”

“To kun ga baƙo ba hula. A ina aka samo?”

“Wurin mai tsire.”

“Mai tsire takarda ɗaya yake saye, ko dami?”

Aji ya ɗauka, “Dami!”

Kafin la'asar yaran nan sun je sun durƙusa wa mai tsire, ya bar su suka tona damin jaridunsa, suka samo sauran shafin. Jaridar ta shekara uku, kuma rusau ɗin ma a Duwala aka yi shi. Laraba ta zagayo, yara suka zo da zafinsu, suna cewa ai mutumin da ke sayen kwanon ne ya ƙulla abin don ya samu da arha. Ni ma a bayan langa-langa haka na ce. Baffa ya ce, “Wa ya gan shi yana ƙullawa?” Ba kowa. Ya ce, “To rubuta a gida na uku. Jiya an cuce ku da ‘an ce’, yau kuma za ku cuci wani da ita?” Na ji kunya ni kaɗai a madafa, kamar ni ya gani.

Kada ku zaci kowa ya so abin. Akwai ranar da telan kan kwana ya shigo zauren gidan nan ko zama bai yi ba, tef ɗin awo a wuyansa.

“Malam, mun kawo maka yara ka koya musu karatu, kai kuma ka koya musu tuhumar iyayensu. Jiya ina magana a kan tabarmata, a gaban baƙo, 'yar cikina ta dube ni ta ce, ‘Baba, wa ya gaya maka?’”

Baffa ya ce, “To, wa ya gaya maka ɗin?”

“Ka gani ko? Ka ga inda ta samo.”

“Zauna mana, maigida, tsayuwa ba ta ƙara wa magana gaskiya. Me ka faɗa?”

“Na ce goro zai yi tsada bana.”

“Wannan ai ko ni na gani, gida na ɗaya ne.”

Tela ya so ya ci gaba da fushi, dariya ta ci ƙarfinsa. Amma da ya tafi, Baffa ya daɗe zaune. Na kawo masa ruwa, ya ce, “'Yata, mutumin nan ya fi ni gaskiya. Na ba yara wuƙa ban ba su kube ba.” Larabar da ta biyo, awar nan gaba ɗaya a kan ladabin tambaya ta ƙare. Ba a tambayar babba a gaban baƙo. Ba a cewa “wa ya gaya maka”. Sai a bari ya gama, a rage murya, a ce, “Baba, a ina aka ji, ko zan je in ƙaro?” Har yau in ka ji wani a unguwar nan ya yi tambaya haka, to ɗan ajin Baffa ne, ko da ya yi gemu.

Ni ma ba zan ce zama da shi daɗi ne kullum ba. Mutum ne mai kashe hira. Ana tsakiyar labari mai gishiri, ya zo wucewa zuwa alwala, ya jefa tambaya ɗaya, labarin ya faɗi kamar tuwon da bai ji gari ba. Mata sukan yi shiru in sun ji takunsa. Inna takan ce, “Ga sufeto nan, a ɓoye kaya.” Shi kuma ya ce, “Yaya, in kayan naki ne me ya kawo ɓoyo?” Haka suke tun tana amarya a gidan wansa, can Katsina, kafin fataucin goro ya kawo su ƙasar nan.

Harshe bakwai da ake faɗa, huɗu ne. Hausa, da Larabci, da Fillancin ciniki, da Faransancin da ya koya da furfura a kansa. Ya gaji da jiran wani ya karanta masa jarida ya gaya masa abin da ya ga dama, sai ya je ya roƙi wani matashin metir, wato malamin boko, wanda shi da kansa ya koya wa alifun, ya bar shi ya riƙa zama a bencin baya na ajinsa. Tsoho da rawani a cikin yara 'yan shekara takwas. In ya karanta, yara su tuntsire da dariya, ya ce, “Ku gama, sannan ku gyara mini.” Abokansa na masallaci suka ce ya zubar da girma. Ya ce, “Sartifika takardar rana ɗaya ce. Jita-jita kuwa kullum sai ta yi sallama, har ranar da za a kai mutum. Ni ba zan bi yaran nan kasuwa ba, ba zan bi su gidajen aurensu ba. In ban koya musu yadda za su nemo da kansu ba, na koya musu jiran mai faɗa ne kawai.” Ni ma a wurinsa na koyi haɗa baƙi, a kan takardun tsiren nan, bayan la'asar, shi yana bakin ƙofa ni ina ciki. Abin da ya fara nuna mini shi ne inda ake rubuta ranar lalacewar magani a jikin kwali.

Yanzu bari in faɗi wanda ya fi mini nauyi, don in na tsallake shi na yi wa Baffa irin abin da matan makoki suka yi masa.

Mijina bafatake ne, yana kai goro arewa ya dawo da albasa. Wata safiya, yana can kan hanya, ina tankaɗe, maƙwabciyarmu ta faɗo gidan nan da salati. Ta ce mota ta faɗi a gangaren dutsen nan na bayan Ngawundare, hanyar Garwa, kuma maigidana yana ciki, ya cika. Ban san lokacin da rariya ta bar hannuna ba. Kafin in farga gida ya cika da mata. Inna, uwa ce, ɗanta aka ce, amma ita ta fi kowa ƙarfin hali. Ta ce a kama ni a shigar da ni ɗaki, a tsefe mini kai, a cire 'yan kunne da awarwaro, in shiga takaba. Wata tsohuwa har ta sa hannu a kunnena na dama.

Sai muka ji sallamar Baffa a bakin ƙofar ɗaki. Ya baro aji, alli a hannunsa.

Ya ce, “Yaya, wa ya ga gawa?”

Inna ta ce, “Malam, yau ba Laraba ba ce, nan kuma ba lakwal ba ne.”

“Na sani. Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi?”

“Ɗana ya mutu kana yi mini tambayar yara?”

“Ɗana ne ni ma. Takaba ibada ce, Yaya, ba a shigarta da ‘an ce’. In yana da rai fa, matarsa tana zaune tana yi masa takaba?”

“In kuma ya mutu fa, tana zaune da kwalli a ido?”

Ya ce, “A ba ni kwana biyu. Kada a taɓa kunnenta.”

Tsohuwar nan ta janye hannunta. Inna ta juya masa baya, ta ce Allah ya isa tsakaninta da boko. Shi kuwa ya fita ya fara abin da yake sa yara, komawa baya taki ɗaya ɗaya. Maƙwabciya a wurin mijinta ta ji. Mijin a Mokolo ya ji, bakin wani mai goro. Mai goro ya tafi unguwar Madagaskar kai kaya, sai da yamma aka same shi, ya ce shi ma wani direba ne ya faɗa a tashar Messa. Direban ya fita, sai washegari da azahar ya dawo. Da Baffa ya zaunar da shi, ashe bai ga kowa ba. Ya wuce motar tana kwance a rami kwana ɗaya bayan faɗuwarta, mutanen wurin suka ce masa akwai Bahaushen Yawunde a ciki, dogo, bafataken goro. Sunan mijina a Mokolo aka liƙa, don shi aka sani.

Fataken goro dogaye biyu ne suka hau hanyar nan a makon. Mijina, da wani mutumin unguwar Nkomkana mai 'ya'ya biyar. Baffa ya zo ya gaya mini haka, bai rage ba bai ƙara ba. Na so a ce ya rage. Kwanakin da suka biyo ina sallah ina roƙon Allah kada ya zama nawa, kuma na san sarai abin da nake roƙo a kan wata mata da ban taɓa gani ba. Wannan nauyin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

A rana ta uku Baffa ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundare. Mutumin da ko Mokolo sai da sanda. Ya kwana tara bai dawo ba. Ni ina nan, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Mata su shigo su rasa gaisuwar da za su yi mini, su ce “ya muka ji da jira” su fita. Inna ba ta cin abinci, ba ta kuma yi mini magana, kamar ni na hana ta kukan ɗanta.

Ya dawo da hantsi, ya rame, laka har kan rawani. Ya zauna a tsakar gida, ya ce a kira Inna. Ya ciro hular mijina daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Daga nan ban ji komai ba na ɗan lokaci.

Da na dawo hayyacina, ya ce, “Zan faɗi abin da na gani, sannan abin da aka gaya mini. Na ga kabarinsa, a wani ƙauye a gindin dutsen. Na ga limamin da ya sallace shi. Sauran a bakin ma'aikacin ɗakin shan maganin ƙauyen na ji, na kuma tambayi matar da ke share wurin, bakinsu ya zo ɗaya.” Mijina bai mutu a ramin ba. An ɗauke shi da rai, ya kwana shida a ɗakin maganin nan. Ranar da tsohuwa ta sa hannu a kunnena, yana kwance yana numfashi, yana neman ruwa.

Ma'aikacin nan mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa. Amma da ya ga mara lafiya yana ta maimaita magana, sai ya ɗauki takarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Baffa ya buɗe takardar ya karanta mana a hankali, yana haɗawa. Saƙon mijina ne: a ce wa Inna ta yafe masa. Kuma kwanon ɗakin yara yana yoyo ta kusurwar gabas, a gyara kafin ruwa ya yi ƙarfi. Da na ji maganar kwanon nan na san shi ne. Ba wanda ya san yoyon nan sai ni da shi, mun yi maganarsa ranar da zai tafi, ya ce in ya dawo.

Inna ta ce, “Yaushe ya cika?”

Baffa ya faɗi ranar. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Kwana ɗaya da binne shi na isa. Da ranar da labari ya zo na hau jirgi, da na same shi da rai. Na tsaya bin baki a gari kwana biyu. Wannan nawa ne, Yaya, ba na kowa ba.”

Ba wanda ya ce masa a'a. Ni ma ban ce ba.

Na shiga takaba, aka ƙirga mini daga ranar gaskiya. Wata huɗu da kwana goman nan, gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baffa. Ina jin haushinsa, ban kuma san na me ba. Da bai tsaya a bakin ƙofar nan ba, da ba wanda zai je, da ban san inda mijina yake kwance ba, da saƙonsa ya ruɓe a aljihun baƙo. Da kuma bai tsaya bincike ba, da mijina ya ga fuskar nasa kafin ya tafi. Duka biyun gaskiya ne, har yau ban iya ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya ba. Ran Laraba sai in bar madafa in koma ɗaki don kada in ji muryarsa.

Wata Laraba ruwa ya tsare ni a madafa. Na ji ya ce wa yara su ajiye labaransu, yau shi ne da labari. Ya ba su shi tun daga farko, bai kama sunan kowa ba, ya ce wani malami ne. Ya tambaye su inda malamin ya yi kuskure. Suka yi ta harbi, wannan ya ce da bai yarda da direba ba, wancan ya ce da ya aika waya. Wata yarinya ta ce, “Malam, da ya tafi kawai, ya bar wani yana tambayar.” Sai ya ce, “Ke kin fi malamin. Ku rubuta a littafinku. In labari da rai a cikinsa, a ɗaura takalmi tukuna, a yi tambayar a hanya.” Tun daga ranar, kafin a sa labari a kowane gida, sai ya fara tambaya: in gaskiya ne, wa zai cutu kafin mu gama bincike? Tsoho ne a lokacin, ya shekara da shekaru yana abu iri ɗaya, ya tsaya gaban yara ya gyara shi. Da yamma na dama fura na aika masa. Ƙwaryar ta dawo a wanke.

Shekarunsa na ƙarshe ƙafafu suka kumbura, murya ta shige. Larabci ya bar wa wani, amma Laraba sai an kai shi, a zaunar da shi a kujera. Ta langa-langa ba na jin komai nasa sai tari. Yaran ne ke yi da kansu, wannan ta faɗi labari, wancan ya ce gida na uku, a yi gardama, a kawo kwalin magani ko yankin jarida ko abin da rediyon nan ya faɗa da abin da na ƙetare ya faɗa a gwada. In sun kauce ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya. Bai faɗi ranar tafiyarsa ba. Ran Litinin ma cewa ya yi a wanke masa farar riga saboda Laraba. Talata da hantsi ya cika, ina riƙe da kofin ruwansa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

Larabobi huɗu ke nan ina jin shifta ta langa-langa. Ba na ƙin shifta, 'yata da ita ta ci sartifika. Direkta ma ba mugu ba ne, shi ma sufeto yake tsoro, kuma in yara suka faɗi jarrabawa mu ɗin nan za mu fara zaginsa.

Shekaranjiya metir ɗin nan da Baffa ya zauna a ajinsa ya zo, yanzu shi ma ya fara furfura. Ya tsaya daga bakin zaure ya ce, “Mama, ni zan iya riƙe awar nan, na san yadda yake yi. Na gaya wa direkta. Ya ce shi ba zai sa wuyansa ba sai in iyaye ne suka tashi a taro suka nema da bakinsu, ya samu abin gaya wa na sama. Na zaga gidaje. Kowa sai ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki, amma ran Asabar akwai kasuwa.”

Na ce, “Ni mace ce, ɗana, kuma ban taɓa buɗe baki a taron maza ba.”

Ya ce, “Kina da jikoki biyu a lakwal. Sunanki yana cikin iyaye.”

Da ya tafi na shiga wurin Inna. Ta tsufa ƙwarai, ba ta tashi sai an ɗaga ta, amma kunnenta ras, ta ji komai. Na zaci za ta ce in zauna inda Allah ya ajiye ni. Sai ta ce, “Ɗauki mayafina mai kauri, ɗakin taron nan an ce iska gare shi.” Na ce to. Ta ce, “In kin tashi kada ki yi ta zuba irin taki. Ki faɗi ta kwanon ɗakin yara ki zauna. Ki faɗi ta kwana biyun ma, kada ki rage masa.” Ta juya fuska bango, ta ce, “Ya ɓata mini rai shekara sittin. Amma saboda shi na san inda ɗana yake.”

To, zan je. Gwiwata tana ciwo, ban san ko muryar nan za ta kai bencin gaba ba. Baki ɗaya kuma ba ya zama taro, direkta ya faɗa, in ni kaɗai ce zai yi mini godiya ya ci gaba da shiftarsa. Na ga yawanku ranar jana'iza, kun cika layi har bakin titi a cikin ruwan nan, ba wanda ya ce akwai kasuwa. Kai da ka zauna a ajin nan, ke da 'yarki take zaune a cikinsa yanzu, ran Asabar da hantsi in na waiwaya daga inda nake tsaye, wa zan gani a bayana?